Yadda Za Ka Zaga Abuja Daga Juma'a Zuwa Lahadi

Duk wanda ya buga mini waya ya ce zai kawo iyali su ga Abuja a ƙarshen mako, tambayar da nake fara yi masa ita ce, a ina za ku kwana? Abin da suke son gani ba sai na tambaya ba, kusan kowa jerinsa ɗaya: Masallacin Ƙasa, Dutsen Zuma, Majalisa, tafkin Jabi, sai kilishi na tsaraba. Ni Bazazzagi ne, aikin gwamnati ya zaunar da ni a Kubwa, gidana kuwa ya daɗe da zama zangon 'yan'uwa da abokan arziki. Na lura cewa baƙon da ya koma gida yana cewa Abuja ba komai sai tituna, yawanci a cikin mota ya cinye kwanakinsa. An shimfiɗa garin nan da faɗi, an yi shi don mai mota, tsakanin wuri da wuri tafiya ce. Idan ka raba ziyararka bisa ɓangarorin gari, kowace rana ka riƙe ɓangare ɗaya, daga Juma'a zuwa Lahadi za ka ga abin da za ka daɗe kana ba da labari.

Baƙon ƙarshen mako yana da wata sa'a da sau da yawa bai san da ita ba. Ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kwangila ranar Juma'a suke ficewa, wasu Kaduna, wasu Kano, wasu Jos ko Lokoja, su dawo Lahadi da yamma ko Litinin da asuba. Kai kuma kana shiga lokacin da suke fita, kana fita lokacin da suke dawowa. Cunkoson da ke gasa mutanen Nyanya da Mararraba kowace safiya da yamma yakan lafa, tsakiyar gari ta yi fayau. Illar abin ɗaya ce, ofisoshi a rufe suke Asabar da Lahadi. Duk wurin da sai an buɗe maka ƙofa za ka shiga, ka sa shi ranar Juma'a.

Ka dubi kalanda kafin ka tsayar da rana. Mako mai ɗauke da 1 ga Oktoba, ko 12 ga Yuni, ko 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, akan toshe hanyoyin da ke kewaye da dandalin Eagle Square, wani lokaci tun kafin ranar saboda atisaye. Haka ma idan wata babbar jam'iyya tana taronta na ƙasa, otal ya yi tsada, hanya ta rufe. Game da yanayi, ni na fi son ƙarshen damina, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Duwatsu suna nan kore shar, ruwan sama ya ja baya, hazo bai sauka ba. A Disamba da Janairu hazo yakan rufe Aso da Zuma har ka ɗauki hoto ka rasa dutsen a ciki. Maris kuwa zafi ne mai sa yara ƙorafi tun kafin azahar.

Hanyar zuwa

Idan daga Kaduna za ka taso, ko za ka iya kwana can, jirgin ƙasa ya fi sauƙi ga mai iyali. Layin ya fara ɗaukar fasinja a watan Yulin 2016, tsawonsa kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu. Bayan harin da aka kai masa a 28 ga Maris 2022 an dakatar da shi, ya dawo aiki a Disambar shekarar, kuma tun daga nan aka tsananta batun shaida. Tikiti ta intanet ake yanka, da lambar NIN, sunan da ke kan tikiti kuma shi ake son gani a katinka. Ka yanka da zarar an buɗe sayarwa, na zuwa da na dawowa in hali ya yi. Wanda ya tare ka a bakin tasha ya ce yana da tikiti a hannu, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa, ka wuce.

Jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin ya kai Idu. Mutane da yawa suna zama har Idu don sun ji ita ce tashar Abuja, alhali masaukinsu yana Kubwa ko Gwarinpa ko Dutse, sai su biya kuɗin tasi su koma inda suka wuce. Ka tambayi mai masaukinka wace tasha ta fi kusa da shi. Idu kanta tana gefen gari ne. Akwai jirgin cikin gari da ya ratsa ta, wanda aka sake buɗewa a watan Mayun 2024, yana haɗa tsakiyar gari da filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe. Yara suna jin daɗinsa, amma kada ka ɗora shirinka a kansa sai ka tabbatar da jadawalinsa na ranar.

Mai zuwa da mota daga Kano yana da tafiyar fiye da kilomita 400 a gabansa, kan hanyar da ta shafe shekaru ana aikinta. Ka tashi bayan sallar asuba. Tsakanin Kaduna da Abuja, ta Katari da Jere da Tafa, ba hanyar da nake barin wani nawa ya bi da dare ba ce. In motar haya ce, ka shiga a tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ka kuma tambaya ko Jabi za ta sauke ku, ko Utako, ko Zuba za ta tsaya, domin daga Zuba zuwa cikin gari wata tafiyar ce. In motarka ce, ka haɗa takardunka cif: lasisi, inshora, takardun mota, abin kashe wuta, da alamar nan mai kusurwa uku. 'Yan VIO da jami'an kiyaye haɗurra suna gane baƙuwar lamba daga nesa. Danja ta nuna ja ka tsaya ko da titi babu kowa, kuma kada ka bi hannun da ba naka ba don ka ga wani ya bi.

Masauki

Nan ne ake yin asara ko riba. Galibin 'yan'uwanmu da ake cewa suna Abuja, a gefenta suke: Kubwa, Lugbe, Karu, Nyanya, Gwagwalada, ko Mararraba wadda ma cikin jihar Nasarawa take. Sauka a wurin ɗan'uwa zumunci ne, kuma yana rage kashe kuɗi, amma ka yi lissafi. Mutum shida daga Gwagwalada zuwa Maitama, zuwa da dawowa, kwana biyu, kuɗin motar zai iya kama maka ɗaki a Utako. Idan ka zaɓi gidan ɗan'uwa, ka sanar da shi da mako guda, ka faɗi adadinku na gaskiya har da goyo, ka faɗi ranar tafiya. Gidajen haya a nan ƙanana ne, ruwa a wasu unguwanni saye ake yi. Ka zo da tsarabar da uwargida za ta yi murna da ita, daddawa, kuka, man shanu, busasshiyar kuɓewa, domin na kasuwar nan ba su kai na gida ba, ga tsada. Baƙo raɓa ne, ka bar su suna marmarin dawowarka.

Idan otal ne, ka nemi tsakiya: Wuse, Garki, Utako ko Jabi. Daga nan ko'ina kusa ne. Maitama da Asokoro a bar wa masu su. Ka ga ɗaki da idonka kafin ka biya, ka buɗe famfo, ka tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareto da ƙarfe nawa ake kashewa, ka tambaya ko akwai mashaya mai kiɗa a harabar, domin daren Juma'a da na Asabar a wasu wuraren ba a barci. Gidajen da ake bayarwa haya na kwana biyu ko uku sun yi yawa yanzu, suna da kicin, sun dace da mai iyali. Sai dai hoto a Instagram ba gida ba ne. Kada ka tura wa kowa kuɗi sai kai ko wani naka ya taka ya ga wurin.

Ka koyi yadda ake faɗin adireshi, zai cece ka daga yawo. Garki an kasa ta Area-Area, Wuse kuma Zone-Zone, daga Zone 1 zuwa Zone 7. Wuse 2 unguwa ce dabam, inda titin Aminu Kano da Banex suke, ba ita ce Wuse Zone 2 ba. Kusan duk baƙo sai ya faɗa wannan ramin. Ka sa mai masaukinka ya turo maka alamar wurin ta WhatsApp, ka huta.

Cikin gari babu acaɓa, an hana tun 2006, a-daidaita-sahu kuma an taƙaita shi ga unguwannin gefe da rukunin gidaje. Abin da ya rage shi ne tasi mai koren fenti, da motocin da ake kira ta manhaja irin su Bolt da Uber da inDrive. Ga mai iyali, abin da ya fi shi ne a samo direba ɗaya wanda mai masauki ya sani, a yi cinikin wuni, a fayyace wanda zai sha mai. Maganar 'yan one chance ba almara ba ce: mota ce marar fenti, da fasinjojin ƙarya a ciki, su ɗauke ka su kwashe wayarka da abin da ke asusunka. Kada ka tsayar da mota a bakin titi bayan magariba, musamman a manyan mahaɗu irin Area 1 da Berger da AYA. Mata da 'yan mata kada su shiga su kaɗai. Manyan tituna kuma, na Kubwa da na filin jirgi, kada a tsallaka su da ƙafa. Motoci gudu suke kamar za su tashi sama. A nemi gadar masu tafiya a ƙasa ko da tana da nisa.

Juma'a

Ka yi ƙoƙari ka shigo gari kafin sha biyu, ka ajiye kaya, ku yi alwala a masauki, ku nufi Masallacin Ƙasa. An gina shi a 1984, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas, da ƙubbarsa mai ruwan zinare da hasumiya huɗu da ake hangowa daga nesa. Ka isa kafin ƙarfe ɗaya idan kana son samun sahu a ciki. Wanda ya makara a farfajiya zai yi, don haka ku riƙe sallaya, da leda ta zuba takalma. Mota kuwa a ajiye ta nesa a taka, domin bayan sallama fita takan ɗauki lokaci. Ku sa wurin haɗuwa tun kafin maza da mata su rabu, kuma yaro ya san lambar wayar babansa da ka.

Kada ka yi saurin tafiya bayan an idar. Kasuwar da ke ci a kewayen masallacin ranar Juma'a tana cikin abin kallo: turare, huluna, carbi, dabino, zuma, littattafai, magungunan gargajiya, masu fura da nono. A nan za ka ji Hausar Sakkwato da ta Katsina da ta Yamai, ka ji Barbarci da Fulatanci da Nufanci da Yarabanci a taku goma. Idan ka tsaya a inda ya dace ka juya, za ka hango babbar majami'ar ƙasa ta Kirista, wadda aka kammala a 2005. Da gangan aka sa su suna kallon juna a tsarin tsakiyar gari, wanda wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, ya fitar.

Kusa da nan akwai Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa, kuma ita ce wurin da na fi matsa wa baƙi su shiga, musamman masu yara 'yan sakandare. Akwai zauren da aka baje tarihin rayuwarsa tare da na siyasar Nijeriya, hotuna da takardu, tun daga aikin soja har rasuwarsa a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. A harabar akwai wata gada da aka gina aka bar ta ba a ƙarasa ba, da niyya, don nuna aikin da aka yanke a tsakiya. Awa guda ta isa. Yaran da suka haddace sunayen shugabanni don jarrabawa sukan fito da tambayoyin da ba su taɓa yi ba.

Daga nan sai zagayen mota kafin magariba. Ku bi ta Sakatariyar Tarayya, ku ga Eagle Square inda ake rantsar da shugaban ƙasa tun 1999, ku hango koriyar ƙubbar Majalisa da Dutsen Aso a bayanta. Wannan yankin shi ne ya haɗa Majalisa da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa. Kallo daga mota ya wadatar. Kada a tsaya ɗaukar hoto a gaban shingen sojoji, ko ƙofar fada, ko bariki, ko ofishin jakadanci, kada kuma wani saurayi a cikinku ya ce zai tashi jirgi marar matuƙi don ya ɗauki bidiyo. A hanyar komawa ku nuna wa yara ginin Babban Banki, da benayen NNPC guda huɗu, da ginin Ma'aikatar Tsaro mai siffar jirgin ruwa, da doguwar hasumiyar Millennium da har yau ba a gama ba.

Asabar

A nan sai ka zaɓa, kuma yawan shekarun yaranka ne zai zaɓa maka.

Mai ƙananan yara ya tsaya cikin gari. Ku fara da gidan namun daji da filin wasan yara da ke Asokoro, a gindin Dutsen Aso, tun da safe kafin rana ta yi zafi. Wanda ya san gidan zu na Audu Bako a Kano kada ya sa ran dabbobi za su burge shi. Abin da ake zuwa nema shi ne fili, da inuwa, da ganin dutsen kusa-kusa ba tare da wani ya daka maka tsawa ba. Daga can Millennium Park a Maitama ba nisa. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ce ta buɗe shi a Disambar 2003, lokacin taron ƙasashen renon Ingila da aka yi a Abuja. Ku zo da tabarma da abincinku, dambu ko shinkafa a kula, da ruwa mai yawa, domin na sayarwa a ciki kuɗinsa ya fi ƙarfin cikinsa. Masu hoto za su kewaye ku, a yi ciniki kafin a tsaya. Dab da wurin akwai Unity Fountain mai ɗauke da sunayen jihohi, inda masu fafutukar 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun 2014. Kowane yaro sai ya nemo jiharsu.

La'asar a Jabi. Tafkin mutane ne suka yi shi, ba na asali ba ne, amma da yamma iska tana da daɗi, akwai dawaki da kwale-kwale, ga katafaren kanti a bakinsa ga mai son sanyin na'ura da askirim. Ba na yarda yaro ya shiga kwale-kwale sai an ɗaura masa rigar ceto daidai jikinsa, ko mai jirgi ya rantse cewa ruwan ba zurfi. Idan yara sun fi son lilo da jirgin wasa, sai a musanya Jabi da Magicland, kusa da ƙofar gari da babban filin wasa na ƙasa. Filin an gina shi don wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar mutum wajen 60,000, a 2019 aka sa masa sunan Moshood Abiola. Jabi da Magicland a yamma ɗaya ba ya yiwuwa, kada ka gwada.

Wanda yaransa suka tasa, ko matasa ne abokai, ya fita bayan gari ta hanyar Bwari. Ni wannan ce Abujar da na fi so. Kafin a dasa harsashin ko gini ɗaya, Gwarawa ne a wannan ƙasa, suna noma doya suna gina tukwane, kuma a ƙauyen Ushafa har yanzu za ka tarar da mata suna ɗaga tulu da randa daga curin yumɓu da hannu, ba tare da na'ura ba. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a Agustan 2000, mutanen wurin ba su manta ba. Ka gaisa kafin ka ɗaga waya, ka nemi izinin hoto, ka sayi wani abu ko da ƙaramin kasko ne. Gwaggona da na kai ta ta tsaya ta fi rabin awa tana kallon wata dattijuwa, daga ƙarshe ta ce, “Sannu da aiki, Inna, Allah ya ba da lada,” ta sayi randar da sai da muka sauke kujerar baya kafin ta shiga mota. Idan da jirgin ƙasa za ku koma, a tuna da wannan kafin a fara ciniki.

Kusa da Ushafa madatsar ruwan Usuma take, wadda yawancin famfunan Abuja daga ita suke sha. Duwatsu sun kewaye ta, masu hawan dutse suna zuwa ƙungiya-ƙungiya da safiyar Asabar. Wuri ne na hukuma, akan nemi izini a ƙofa, kuma ba a wanka a ciki. Ku sa takalmi mai riƙe ƙafa. Yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane, musamman a farkon 2024, saboda haka ka tambayi mazauna wurin halin da ake ciki a makon, ku tafi da safe, ku juyo kafin la'asar sakaliya. Mutane sukan tambaye ni Gurara, magangarar ruwan nan da ke jihar Neja a kan hanyar Suleja zuwa Minna. Tana da kyau ƙwarai, musamman a Agusta da Satumba da ruwa ke cika, amma wuni guda take ci ita kaɗai, kuma a lokacin cikar ruwa ko kusa da bakin bai kamata yaro ya je ba. A ziyarar kwana biyu ni ina cire ta.

Daren Asabar na ciki ne. Gasasshen kifin kasuwar barikin Mogadishu, wanda har yanzu ake kira barikin Abacha, ya yi suna da gaskiyarsa: ka nuna kifinka, a gasa a gabanka da yaji da dankali. Sai dai ana sayar da giya a wurin, kuma dare na yi hayaniya na ƙaruwa, don haka mai iyali ya je da wuri ko ya sa a ƙunshe masa. Tsire da balangu da gasasshiyar kaza kuwa Wuse 2 ba ta barci. Kilishin tsaraba a Area 1 ake saye. Za a yi ta miƙo maka ɗanɗano, ka ɗanɗana na mutum uku kafin ka tsaya, ka duba ya bushe sosai ba ya naso, kuma ka saya daren Asabar domin safiyar Lahadi ba ta da lokacin ciniki. Mata in suna son atamfa da leshi, kasuwar Wuse ranar Asabar ce, amma a sani farashin bai kai na Kantin Kwari sauƙi ba. Bakaniya ba ta da abin saye a can sai kallo.

Ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji-canji. Kusan ko'ina ana karɓar turansfa, masu POS kuma suna kowace kwana, amma mai doki a Jabi da mai tukwane a Ushafa da yaron da ya tsare maka mota ba za su jira sabis ya dawo ba.

Lahadi

Ku karya da wuri, ku sallami masauki. Idan da mota kuke, Dutsen Zuma yana kan hanyarku ta komawa, bayan Zuba, a Madalla, shi ya sa ban ɓata masa ranar Asabar ba. Da yawa suna ɗauka cikin Abuja yake, alhali jihar Neja ce. Ku sauka daga babban titi gaba ɗaya kafin ku tsaya, manyan motoci ba sa ragawa a wurin. Ka ba yaro takardar naira 100 mai hoton dutsen ya riƙe ya kwatanta da abin da ke gabansa, sannan ku nemi fuskar nan ta mutum da ake gani a jikin dutsen. Masu komawa ta jirgin ƙasa su sa Zuma da sassafe, daga Kubwa ba nisa, su dawo tasha da sauran lokaci.

Daga Zuma, Suleja tana nan gaba kaɗan, kuma a matsayina na Bazazzagi ba na barin baƙo ya wuce ta. Bayan da jama'ar Shehu suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da mutanensa, ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a nan a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a 3 ga Fabrairu 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Babangida. Har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau Suleja ce. Ku bi ta ƙofar fada, ku ji Hausar tsofaffin garin. A nan ne kuma Ladi Kwali ta yi aiki, a makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe, wadda ta shiga a 1954 har tukwanenta suka kai Turai da Amurka. Idan akwai naira 20 a aljihu a fito da ita: Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya tana gina tukunya.

Kada Suleja ta riƙe ku ta wuce ƙarfe sha ɗaya. Ku sha mai a nan, ku duba taya da ruwan mota, mai zuwa Kano ya yi niyyar sallar azahar a Kaduna. Ɗaya hannun titin zai fara cika da masu dawowa aiki, naku hannun yana buɗe. Masu jirgin ƙasa su isa tasha da kusan awa guda a hannu saboda binciken kaya da duba shaida, kuma tikitin da katin kowa su kasance a hannun mutum ɗaya, ba cikin jakar da ke ƙasan kaya ba.